Kiran Koyoti da Karnukan Daji: Tambayoyi da Amsoshi kan Farautar da Ake Yi da Murya

A farautar da muka tashi muka gani, maharbi ne ke bin dabba. Ya bi sawu, ya saki karnuka, ko ya ɗaura kan burtu ya yi ta rarrafe har ya kusanci barewa. A Amurka da Kanada da Ostireliya akwai wata farauta da ta juya wannan tsari. Maharbi zai sami gindin itace ya zauna, ya yi kukan zomon da aka cafke, dabbar da ake nema, koyoti ko karen daji, ita ce za ta taho da ƙafarta. Tun da bidiyon irin wannan farauta ya fara yawo a wayoyi ake ta tambaya a kai, ga kuma amsoshin tambayoyin da suka fi maimaituwa.

Wace irin dabba ce koyoti? Dila ne ko kyarkeci?

Ba dila ba ne, ba kuma kyarkeci ba, amma dukansu dangin kare ne. In ka hango shi daga nesa sai ka rantse dila ne ya samu ƙoshi: baki dogo siriri, kunnuwa a tsaye, gashi ruwan toka da ratsin ja, jela mai kauri wadda yake saukarwa ƙasa idan yana gudu. Na yammacin Amurka yakan kama daga kilo 9 zuwa 16. Na gabas ya fi girma, wani ya haura kilo 20, saboda kakanninsa sun yi barbara da kyarkecin ƙasashen sanyi a yankin Kanada. Sunan ya samo asali ne daga harshen mutanen Aztek na Meksiko, Sifaniyawa suka ɗauka, daga bakinsu ya bazu. Masana na kiransa Canis latrans, wato kare mai haushi.

Ba ya zaɓen abinci. Ɓeraye, zomaye, fara, mushe, 'ya'yan itace, har kankana a gona, duk nasa ne. Yana iya gudun kilomita 60 a awa. A tatsuniyoyin 'yan asalin Amurka, irin su Nabaho, shi ke riƙe da matsayin da Gizo ke riƙe da shi a namu, mai wayon da kan jefa shi cikin rami ya kuma fito da shi.

Me ya sa ake farautarsa haka ba ƙaƙƙautawa?

Tushen abin tumaki ne. Ƙididdigar ma'aikatar noma ta Amurka ta sha nuna cewa cikin tumakin da namun daji ke kashewa, fiye da rabi aikin koyoti ne. A 1931 majalisar dokokin ƙasar ta yi dokar da ta ba gwamnati ikon kawar da dabbobin da ke ɓarna ga dukiya, aka shiga yaƙi da shi da tarko da bindiga da guba. An shekara da shekaru ana zuba guba a mushe ana watsawa a daji, ta kashe koyoti, ta haɗa da gaggafa da karnukan gida, sai a 1972 Shugaba Nixon ya hana amfani da irin wannan guba a filayen gwamnatin tarayya. Har yau sashen gwamnati mai wannan aiki yana kashe dubun dubata a kowace shekara, da yawa daga jirgin sama ake harbinsu. A jihohi masu yawa babu lokacin da aka rufe farautarsa, babu kuma iyakar adadin da mutum zai kashe. Jihar Yuta ma tukuici ta sa tun 2012, ta fara da dala 50 a kan kowane ɗaya.

Duk da wannan, koyoti ƙara yaɗuwa ya yi. Da can a filayen ciyawa da hamadar yamma aka fi saninsa. Yau yana kowace jiha ta Amurka ban da Hawai, daga Alaska har Panama. Ya shiga birane, a Shikago kaɗai masu bincike ƙarƙashin Stan Gehrt suna bin diddiginsa tun shekarar 2000, a 2007 kuma wani ya shiga shagon abinci a tsakiyar birnin ya kwanta cikin firjin lemo. Abin da ya buɗe masa hanya shi ne sare dazuzzuka da kuma kashe babban abokin gabarsa, kyarkecin ƙasashen sanyi. An ga shaidar haka a gandun Yellowstone: da aka mayar da kyarkeci can a 1995, yawan koyoti a wasu sassan gandun ya ragu da kusan rabi cikin 'yan shekaru.

Mene ne kira, kuma me ke sa dabba mai wayo haka ta amsa?

Kira shi ne ka yi wa dabba magana da harshen da take ji. Abu uku ke taso da koyoti daga inda yake kwance.

Na farko yunwa. Zomon da shaho ya kama yana yin wani ƙara mai tsinka zuciya, kamar kukan jariri. Koyoti ya san duk inda aka ji wannan ƙara akwai nama, kuma wanda ya kama ɗin wataƙila ƙaramin abu ne da za a iya ƙwacewa a hannunsa. Shi ya sa kukan zomo shi ne uwar kira. Ana kuma yin kukan ɗan barewa, da na tsuntsun da ya faɗa tarko, da tsiwar ɓera.

Na biyu kishin yanki. Namiji da macensa suna riƙe da fili, suna shata iyakarsa da fitsari da kashi da kuma kuwwa. Idan suka ji baƙuwar murya tana jan kuka a tsakiyar filinsu, dole su zo su ga wane ne. A nan gwaninta take, domin kukan nasu kala-kala ne. Akwai dogon kuka mai taushi na wanda yake shi kaɗai yana neman 'yan'uwa. Akwai gajere mai kaushi da haushi a gabansa, wannan tsokanar faɗa ce, ƙaramin koyoti in ya ji ta gudu zai yi, babba ne kaɗai zai taho. Akwai kuma haushin da ake ta maimaitawa daga nesa ba a matsowa, wanda ma'anarsa ita ce an gane ka, ka tattara kayanka.

Na uku tausayin jini. Kukan kwikwiyon da ya ji ciwo yana jawo manya ko da ba nasu ba ne.

Da me ake yin kiran?

Mafi sauƙi ba ya bukatar ko sisi: ka tsotsi bayan hannunka, zai ba da tsiwar ɓera, kuma idan iska ta kwanta koyoti na jin ta daga nesan da ba za ka yi zato ba. Daga nan sai usur na baki. Akwai wanda siririn fallen da ke karkarwa yake a ɓoye cikin bututu, hurawa kawai za ka yi, shi ya dace da ɗan koyo. Akwai wanda fallen yake a fili, kana matsa shi da leɓe ko haƙori kana sauya murya daga kukan zomo zuwa jan kuka. Akwai kuma ɗan ƙarami da ake manna shi a ganɗa, hannuwa biyu su zauna a kan bindiga.

Wannan sana'a a jihar Teksas ta yi ƙarfi. 'Yan'uwa biyu, Murry da Winston Burnham na garin Marble Falls, sun yi suna da sayar da usur tun shekarun 1950. A shekarun 1960 Johnny Stewart na garin Wako ya riƙa ɗaukar kukan dabbobi na gaske a faifai, maharba su shiga daji da garmaho mai batir. Yau lasifika ce mai rimot, irin ta kamfanin FoxPro, mai ɗauke da muryoyi ɗari da wani abu. Babban amfaninta shi ne ana ajiye ta taku 30 zuwa 50 daga inda maharbi yake, idon dabba ya tafi can. Wasu kan kafa ɗan tsumma mai gashi da ke kaɗawa a kusa da ita. Amma ni ina ganin mai usur na baki ya fi sanin abin da yake yi. Kukansa ba ya maimaita kansa, yana sa masa rawar murya da gajiya irin ta mai rai, alhali kukan da ke cikin lasifika duk koyotin yankin sun sha jin irinsa.

Yaya zama ɗaya yake, daga farko har ƙarshe?

Ka ɗauka asubar watan Janairu ce a filayen jihar Wayomin ta Amurka, dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, numfashi na fita kamar hayaƙi. Maharbi ya ajiye mota a bayan tudu inda ba za a hango ta ba, ya tura ƙofa a hankali har ta kama ba ƙara. Ya fito da 'yar kwalba mai garin hoda ya matsa, ya duba inda iska ta kai garin. Wannan ɗan gari shi ke yanke hukuncin komai. Ya taka kamar rabin kilomita iska na bugun fuskarsa, bai bi ta ƙoƙon tudu ba don kada sararin sama ya fito da siffarsa. Ya sami kurmin ciyawa ya jingina baya, rana na bayansa, ya ɗora bindiga a kan sanduna biyu da aka harɗe. Sai ya yi shiru na minti biyar, daji ya manta da shigowarsa.

Kiran farko a hankali ake yin sa, na rabin minti, don wataƙila akwai wanda ke kwance kusa. Sai shiru na minti biyu ko uku. Sai a ƙara, da ɗan ƙarfi. Kai ba ya juyawa, ido ne kaɗai ke yawo. Sau da yawa tsuntsaye ke fara ba da labari, hankaki ya taso yana bin wani abu a ƙasa yana sauka yana tashi. Can sai ga ɗigon toka a kan farin fili, yana tahowa da sassarfa, ya tsaya, ya ɗaga hanci, ya sake tahowa. Ƙaramin da bai san duniya ba yakan zo kai tsaye kamar an jefo shi. Babba kuwa da ya rage taku ɗari biyu sai ya fara lanƙwasa hanya, yana neman ya zagayo ta inda iska za ta kawo masa warin abin da ke kukan. Maharbin kirki ya san haka tun kafin ya zauna, shi ya sa ya zaɓi wurin da wannan ɓangaren yake a fili. Idan dabbar ta shiga inda ake so, sai ya yi ɗan haushi da baki, wuf. Koyoti ya ja birki ya waiwayo. Daƙiƙa biyu ko uku ke nan, a cikinsu ake harbi ko a rasa.

Bayan harbi ba a tashi. Nan take ake sa kukan kwikwiyo, domin sau da yawa biyu ne suka taho, na biyun yakan tsaya ko ya dawo. Idan an yi minti 15 zuwa 20 ba motsi, a tashi a yi gaba kilomita ɗaya ko biyu. Mai kira da jan kuka yakan ƙara haƙuri har rabin awa ko fiye, domin mai zuwa faɗa ba ya gaggawa irin ta mai zuwa cin abinci. Mutum ya yi zama takwas a yini ya ga dabba a ɗaya, wannan ba abin mamaki ba ne.

Na ga ana cewa an yi ta kira ba abin da ya zo. Ina matsalar take?

Yawanci ya zo, ya sansano mutum, ya koma ba a gan shi ba. Ana iya ruɗin kunnensa, ana iya ruɗin idonsa da tufafi masu kalar daji, hancinsa kuwa ba ya ruɗuwa, duk turaren ɓoye wari da ake sayarwa bai kai zama a daidai da iska ba. Sai motsi, ɗaga hannu ɗaya a lokacin da yake kallo ya isa. Sai kuma wanda aka taɓa harbi aka kuskure. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, irin wannan koyoti in ya ji kukan zomo baya yake yi, kuma maharbin da ya yi harbin ganganci shi ya koya masa.

Wani lokaci kuma babu su ne a wurin. Shi ya sa ake fara yawon duba ƙasa. Kashinsu cike yake da gashi da guntayen ƙashi, a tsakiyar hanya suke ajiye shi da gangan. Sawunsu ya fi na kare tsawo da matsewa, kuma a miƙe yake tafiya kamar an ja zare, na kare kuwa yawo yake yi hagu da dama. Da dare a tsaya a saurara. A dai sani cewa biyu ko uku in suka haɗa murya sai ka ɗauka bakwai ne.

Wane lokaci ya fi?

Sanyin safiya da gab da faɗuwar rana, ranar da iska ba ta da ƙarfi. A shekara kuwa, watannin Oktoba da Nuwamba 'ya'yan bana ne ke watsewa neman wurin zama, su ne masu saurin amsa kukan zomo. Tsakiyar hunturu yunwa ta yi tsanani, gashi kuma ya cika. Daga Janairu zuwa Maris lokacin barbara ne, jan kuka ya fi aiki. Cikin mace kwana 63 ne, tana haihuwa a rami wajen Afrilu ko Mayu, 'ya'ya biyar ko shida. Maharba da yawa suna rataye bindiga a wannan lokaci ko da doka ba ta hana ba, domin kashe uwa yana nufin barin 'ya'ya su mutu da yunwa a rami. Ina tare da su a kan wannan ɗari bisa ɗari.

Wace bindiga ake amfani da ita, kuma akwai haɗari?

A buɗaɗɗen fili, bindiga mai ƙaramin harsashi mai saurin gaske, irin .223 da .22-250 da .243, da madubin hange a kanta. A kurmi, inda dabba kan ɓullo a taku 30, bindiga mai watsa ƙwayoyi. Farautar dare da jar fitila ko madubin da ke ganin zafin jiki ta yaɗu ƙwarai, amma kowace jiha da dokarta, kuma lasisi da izinin mai gona wajibi ne.

Koyoti kansa ba kasafai yake taɓa mutum ba. Kisa biyu aka tabbatar a tarihi: wata yarinya 'yar shekara 3 a Kalifoniya a 1981, da mawaƙiya Taylor Mitchell 'yar shekara 19 a gandun Cape Breton na Kanada a 2009. Haɗarin ya fi yawa ta wasu fuskoki. Mai kukan zomo ba ya zaɓen wanda zai amsa, damisar dutse ko beyar na iya ɓullo masa ta baya. Akwai kuma harbin abin da ba a tantance ba. A Disambar 2014 wani maharbi a Yuta ya harbe macen kyarkecin ƙasashen sanyi da doka ta kare, wadda aka yi ta murnar ganinta a bakin kwazazzabon Grand Canyon, ya ce ya ɗauka koyoti ne. Karnukan mutane ma sun sha tafiya a haka. Wajen fiɗa a sa safar hannu, saboda ƙuma da ƙazuwa da wata tsutsar ciki da ƙwanta ke lalata hantar ɗan Adam.

Ana cin namansa? In ba a ci, ya halatta a kashe?

Kusan ba wanda ke ci. Fatar ake nema, ta hunturu mai laushi, wadda ake sa wa a bakin hular rigunan sanyi. Kasuwarta ta faɗi bayan kamfanin Canada Goose, wanda ke cikin manyan masu saye, ya sanar a 2021 cewa zai daina amfani da gashin dabbobi.

Ga Musulmi, hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya yi hani ga cin duk mai fiƙa daga namun daji. Mafi yawan malamai sun ɗauke shi haramun, mashhurin mazhabar Malikiyya makaruhi. Kashe dabbar da ke ɓarna ga dukiya ko rai malamai sun halatta shi, farautar da ba ta da manufa sai nishaɗi kuwa sun ƙyamace ta. Ko a inda kisan ya halatta, hadisin Shaddad ɗan Aus yana nan: Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za a kashe a kyautata kisan. Harbin da mutum bai tabbata zai kashe nan take ba, barinsa ya fi.

To wannan farauta tana rage yawansu? Tana kare tumaki?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, amsarta kuma ba ta yi wa kowane ɓangare daɗi gaba ɗaya.

Rage yawansu dai ba ta yi. A garken da ba a taɓa ba, uwa ɗaya ce ke haihuwa, sauran suna taya reno. Idan aka yi musu kisan kan mai uwa da wabi, abinci ya yalwata ga waɗanda suka rage, mata ƙanana su fara haihuwa da wuri, 'ya'ya su yi yawa, mafi yawansu su rayu. Ga kuma marasa yanki da ke yawo a gefe suna jiran fili ya zama ba mai shi, cikin makonni sun cike gurbin. Wani lissafi da masana Jami'ar Kalifoniya, Connolly da Longhurst, suka fitar a 1975 ya nuna sai an kashe kusan kashi 75 cikin 100 a kowace shekara, har tsawon shekara 50, kafin a ga bayansu. Ba wanda ya taɓa iya wannan a fili mai faɗi.

Kare tumaki kuwa ya danganta da wanda aka kashe. Binciken da aka yi a gonar gwaji ta Hopland a Kalifoniya cikin shekarun 1990 ya gano cewa mafi yawan kisan tumaki aikin manyan ma'aurata ne masu riƙe da yankin, musamman lokacin da suke ciyar da 'ya'ya. Su ne kuma mafi wuyar kamu. Waɗanda ke rugowa ga kukan zomo galibi ƙanana ne masu cin ɓera. Mutum na iya kashe goma ya jera a bayan mota, ɓarawon ragunan yana nan lafiya lau. Gwanin da makiyayi ke bukata shi ne wanda zai bi sawu daga mushen rago, ya gane ramin, ya kira wannan ɗaya da jan kuka. Idan kuma ma'auratan da ke yankinka ba sa taɓa dabbobi, barinsu riba ce, domin su ke korar baƙi.

Abin da ya fi tabbata shi ne tsaro: manyan karnukan garke irin Maremma na Italiya da Akbash na Turkiyya waɗanda ake rainonsu cikin tumaki tun suna kwiyakwiyi, jaki ko lama, wata 'yar uwar raƙumi marar tozo, a cikin garke, shingen lantarki, kwana a garka lokacin haihuwa, da binne mushe da wuri. Makiyayin da ya kwana da dabbobinsa a ruga ya san wannan ba sai an karanta masa ba.

Gasar kisan koyoti fa?

Ana shirya ta a garuruwa da dama, a ba da kyauta ga wanda ya fi kawo gawa cikin kwana biyu, daga baya a zubar da su a juji. Kalifoniya ta hana ba da irin wannan kyauta a 2014, Bamont ta hana gasar a 2018, Niyu Meksiko da Arizona a 2019, Niyu Yok ta sa hannu a dokarta a 2023. Cikin masu goyon bayan hanin har da maharba, kuma ina ganin gaskiyarsu.

A Ostireliya kuma su wane ne karnukan daji?

A dokokin jihohin ƙasar, wannan suna ya haɗa dingo, da karen gida da ya koma daji, da ruwa-biyun da ke tsakaninsu. Dingo ya isa nahiyar shekaru 3,500 ko fiye da suka wuce, jan kare ne mai kimanin kilo 15, ba ya yawan haushi, jan kuka yake yi. Ɓarnarsa ga tumaki ta sa aka gina shingen waya mai tsawon kilomita fiye da 5,600, daga Kwinslan har bakin teku a Ostireliya ta Kudu, wato tafiyar Kano zuwa Legas sau biyar da ɗoriya. Makiyayin da ya wayi gari ya tarar da tumaki ashirin an yayyaga su, wasu da ransu, ba za ka ce masa ya yi haƙuri kawai ba.

A can guba mai suna 1080 da tarko su ne kan gaba, kira na biye. Ana yin sa ne da jan kuka, ta tafin hannu ko guntun bututu, musamman daga Afrilu zuwa Yuni lokacin barbara, domin dingo sau ɗaya yake haihuwa a shekara. Yakan amsa daga kan dutse, sai ya yi tsit, bayan rabin awa ka gan shi tsaye a gefenka bai karya ko kara ba.

Rigimar tana kan sunan. Binciken ƙwayoyin halitta da Kylie Cairns ta Jami'ar Niyu Sawut Wels ta jagoranta, wanda ya fito a 2021 a kan dabbobi fiye da 5,000, ya nuna kusan dukansu dingo ne tsantsa ko jinin dingo ya rinjaya, karen gida zalla bai kai 1 cikin 100 ba. Ashe abin da ake kashewa da sunan karen daji dabbar ƙasar ce ta asali, wadda 'yan asalin nahiyar ke girmamawa. An kuma ga cewa a ɓangaren shingen da babu dingo, kangaru sun yi yawa har sun cinye ciyawa. Shi ya sa wasu masu kiwon shanu suka daina kashe dingo. A 2024 jihar Biktoriya ta ba shi kariya a arewa maso yammacinta.

Za a iya yin irin wannan a kan dila ko kyarkecinmu?

Dila na amsa kira. A Afirka ta Kudu masu tumaki a yankin Karu suna kiran dila mai baƙin baya da dare da lasifika da fitila, kuma sun ci karo da abin da Amurkawa suka ci karo da shi: inda aka fi kashe shi, nan yake haihuwa da wuri, 'ya'yan kuma su fi yawa. A Nijeriya riƙe bindiga sai da lasisi, farauta a gandun daji irin Yankari da Gashaka Gumti laifi ne, kuma a halin tsaron da ake ciki, shiga daji da dare da bindiga da fitila sayar da rai ne. Garka mai shingen ƙaya da kare mai tsaro sun fi wa mai awaki amfani.

Kyarkecin Afirka kuwa, mai manyan kunnuwa zagayayyu da jiki dabbare-dabbare, kada kowa ya haɗa shi da koyoti don an ce da shi karen daji. Koyoti kisa bai rage shi ba, shi kuwa kisa ya kusa ƙarar da shi. A zamanin mulkin mallaka an ɗauke shi annoba, a Rodeshiya kaɗai, Zimbabuwe ta yau, an harbe fiye da 3,000 tsakanin 1956 da 1975. Tun 1990 yake cikin jerin dabbobin da ke gab da ƙarewa, waɗanda suka rage a duk nahiyar ba su wuce kimanin 6,600 ba. A Afirka ta Yamma, gandun Niokolo-Koba na Senegal ne wurin da aka tabbatar da sauransa. Masu kiransa da lasifika a yau masu bincike ne, suna sa kukan da yake yi in ya ɓace wa 'yan'uwansa, garken ya fito, su ƙirga, su ɗauki hoton zanen jikin kowane ɗaya.

Karnukan gida da suka zama na daji a gefen gari fa?

Waɗannan matsalarsu ta lafiya ce kafin ta zama ta farauta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Harbe su ba ya yanke cutar, wasu ne ke maye gurbinsu matuƙar juji da mahauta na ba su abinci. Abin da ke yanke ta shi ne yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allurar rigakafi. Garken da ya addabi unguwa a kai rahotonsa ga ofishin likitan dabbobi da mai unguwa. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya wuce asibiti a ranar, kada ya jira ya ga alama.